Jamhuriya, Dimokuraɗiyya ko Mulkin Malamai: Nazarin Sunan da ya Dace da Tsarin Mulkin Iran

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1979 sunan Iran bai bar bakin masu karanta labaran duniya da Hausa ba, kuma tun daga wannan lokaci ake kiran gwamnatinta da sunayen da ba su jitu da juna ba. Wani gidan rediyon ya ce "Jamhuriyar Musulunci", wata jaridar ta ce "gwamnatin malamai", wani mai sharhin kuma ya kafa hujja da zaɓen shugaban ƙasa da ake yi can ya ce ai dimokuraɗiyya ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna waɗannan sunaye uku a kan tsarin mulkin ƙasar, domin a ga wanda ya hau, da wanda bai hau ba, da kuma inda harshen Hausa yake da giɓin da ya kamata masana su cike. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowace ɗaya daga cikin kalmomin uku tambayarta daban take amsawa, saboda haka mai fassarar da ya ɗauke su tamkar kishiyoyi, wato sai ɗaya ta fita ɗaya za ta shiga, to ya riga ya ɓatar da mai sauraro tun kafin ya kai ga labarin.

2.0 Kalmomin da Asalinsu

Jamhuriya ararriyar kalma ce daga Larabci. Tushenta shi ne jumhur, wato taron jama'a ko mafi rinjayensu, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya san ta a cikin faɗar nan ta "jamhurun malamai sun tafi a kan kaza". Takwararta ta Turai daga Latin ta fito, daga res publica, ma'ana abin da yake na jama'a. A ilimin siyasa na yau ma'anarta ta taƙaita ƙwarai: jamhuriya ita ce ƙasar da ba sarki mai gado ke shugabancinta ba. Tambayar da take amsawa ke nan, ta wace hanya shugaban ƙasa ya hau kujerarsa. Ba ta ce komai ba game da adalcinsa, ko 'yancin talakawansa.

Dimokuraɗiyya kuwa asalinta Girkanci ne, daga demos, jama'a, da kratos, iko. Sai dai siffarta ta nuna cewa ta Larabci ta biyo kafin ta iso Hausa. Shaida ta farko ita ce ɗafa-ƙeyar -iyya, ta biyu kuma ita ce harafin ɗ, wanda shi ne Hausa take maye gurbin ɗa'un Larabci da shi, kamar yadda ake gani a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi. Da daga Ingilishi aka aro ta kai tsaye da babu inda ɗ zai fito. Abin sha'awa a nan shi ne wasu maƙwabtan Hausa suna da kalmomin kansu da suke bayyana ma'anar. Yarbawa suna cewa ijọba tiwa-n-tiwa, wato gwamnatin da take tamu ce mu da kanmu, Ibo kuma suna cewa ọchịchị onye kwuo uche ya, wato mulkin kowa ya faɗi ra'ayinsa. Waɗannan biyun sun fi kalmar Hausa fito da tambayar fili: shin jama'a suna da ikon ɗora mai mulki su kuma sauke shi, kuma suna da bakin magana?

Akwai dalilin tarihi da ya sa Bahaushen Nijeriya yake cakuɗa waɗannan kalmomi biyu. An saba kiran zamunnan mulkin farar hula da Jamhuriya ta Farko, ta Biyu, har zuwa ta Huɗu da ta fara a 1999, sai kunne ya ɗauka cewa jamhuriya da mulkin zaɓe abu guda ne. Tarihin ƙasar kansa ya ƙaryata haka. Daga 1 ga Oktoba 1960 zuwa 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya tana da zaɓaɓɓiyar majalisa da zaɓaɓɓiyar gwamnati, amma Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa, saboda haka ba jamhuriya ba ce. Daga 1993 zuwa 1998 kuwa, ƙarƙashin Janar Sani Abacha, sunanta na jamhuriyar tarayya yana nan daram a kan takardun hukuma alhali babu zaɓaɓɓen shugaba. Haka ma Nijar ba ta daina zama jamhuriya ba a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987.

Kalma ta uku ita ce mai wuyar sha'ani, domin Hausa ba ta tsayar mata da suna ba. Turawa suna ce mata tiyokirasi, daga theos, Allah, da kratos ɗin nan da aka ambata. Wani marubucin tarihi Bayahude mai suna Yusufus ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen ƙarni na 1 na Miladiyya, domin ya bayyana wa Girkawa da Rumawa tsarin Bani Isra'ila na zamanin Annabi Musa, wanda ya danƙa iko duka ga Ubangiji. Daga baya ma'anar ta gangaro ƙasa, ta koma kan mutanen da suke mulki da sunan Allah, musamman shugabannin addini. Don haka ne ake jin ta a Hausa da fuska uku: mulkin Allah, mulkin addini, da mulkin malamai. Ta farko ba ta da amfani ga mai nazarin siyasa, domin a wurin Musulmi da Kirista babu ƙasar da ta fita daga mulkin Allah. Ta biyu ta yi faɗi da yawa. Saudiyya, alal misali, dokarta ta asali ta 1992 ta ce Alƙur'ani da Sunna su ne tsarin mulkinta, amma masu riƙe da iko 'ya'yan gidan sarautar Al Sa'ud ne, malamai bayansu suke. Sarkin Ingila shi ne shugaban Cocin Ingila, har an ware wa bishop-bishop kujeru 26 a majalisar dattawan ƙasar, amma ba wanda ya taɓa kiran Ingila ta yau ƙasar mulkin addini. Ta uku, wato mulkin malamai, ita ce mai iyaka bayyananniya, kuma ita ce za a auna Iran da ita. Tambayarta ita ce, a hannun wa magana ta ƙarshe take, kuma da wace hujja ya riƙe ta.

3.0 Yadda Sunan ya Samu

Sarki Muhammad Riza Pahlawi ya bar Iran a ranar 16 ga Janairu 1979, Ayatullahi Ruhullahi Khumaini ya komo daga gudun hijira a ranar 1 ga Fabrairu, gwamnatin sarki kuma ta faɗi bayan kwana goma. Tun a makonnin farko aka fara jayayya a kan suna. Firayim Minista na riƙon ƙwarya, Mahdi Bazargan, da wasu masu ra'ayinsa sun so a saka kalmar dimokuraɗiyya a cikin sunan ƙasar. Khumaini ya ƙi, ya ce Jamhuriyar Musulunci za a kira ta, ba daɗi ba ragi, domin a ganinsa jingina wa Musulunci wata siffa daga Yamma tamkar cewa ne yana da naƙasu. A ƙuri'ar raba gardama ta ranakun 30 da 31 ga Maris 1979 tambaya ɗaya aka yi wa mutane, ko sun yarda da Jamhuriyar Musulunci ko ba su yarda ba. Alƙaluman hukuma sun ce kashi 98.2 cikin 100 sun yarda. Ya kamata a lura cewa a wannan rana ba a rubuta tsarin mulki ba tukuna, wato mutane sun amince da suna ne kafin a gaya musu abin da ke cikinsa.

Daftarin farko da aka shirya ya ɗauki abubuwa da yawa daga tsarin mulkin Faransa na 1958, kuma babu muƙamin Jagora a cikinsa. Majalisar da aka zaɓa a watan Agusta 1979 don ta duba shi, mai wakilai 73 waɗanda malamai suka fi yawa a cikinsu, ita ce ta shigo da ka'idar da ake kira wilayatul faƙihi. An amince da sabon kundin a watan Disamba 1979.

Wannan ka'ida tana bukatar bayani, musamman ga mai karatun da ya tashi a kan mazhabar Malikiyya. A aƙidar Shi'a masu Imamai goma sha biyu, shugabancin al'umma haƙƙin Imami ne, Imami na sha biyu kuwa yana ɓoye tun ƙarni na 9. To wa zai riƙe al'umma kafin bayyanarsa? Malamansu na da, mafi yawansu, sun taƙaita wilayar malamin fiƙihu a kan fatawa da alƙalanci da kula da dukiyar marayu da masu taɓin hankali da waƙafin da ba shi da mai kula. Khumaini, a cikin darussan da ya bayar a birnin Najaf na Iraƙi a 1970, ya faɗaɗa ta har ta haɗa da mulkin ƙasa ɗungurum. Ba dukkan manyan malamai suka bi shi ba. Ayatullahi Khu'i na Najaf bai tafi a kan wannan faɗaɗawa ba, Ayatullahi Shari'atmadari kuma ya yi adawa da shigar da ita cikin tsarin mulki, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Hausa ta san kalmar waliyyi ta fuska biyu, waliyyin Allah mai karama, da waliyyin da ke ba da aure ko riƙon maraya. Ta biyun ce ake nufi a nan. Wanda ya fassara ta da ma'anar farko ya mai da maganar shari'a ta koma ta sufanci, kuma ya ɓoye wa mai sauraro abin da ya fi jawo wa ka'idar suka a cikin Iran kanta, wato cewa ta ajiye al'umma baligai a matsayin wanda yake bukatar mai riƙo.

4.0 Gida Ɗaya, Ƙofa Biyu

Kundin na 1979, tare da gyaran da aka yi masa a 1989, ya kafa halascin mulki a kan tushe biyu, ya kuma jera su kafaɗa da kafaɗa. Sashe na 5 ya ba malamin fiƙihu adali shugabancin al'umma a zamanin ɓoyuwar Imami. Sashe na 6 da ke biye da shi ya ce da ra'ayin jama'a za a tafiyar da al'amuran ƙasa, ta hanyar zaɓe. Sashe na 56 ya yi ƙoƙarin ɗinke su, inda ya ce iko na Allah ne, amma Shi ne ya ba ɗan Adam ragamar makomarsa ta zamantakewa.

Ta ƙofar zaɓe akwai shugaban ƙasa mai wa'adin shekara 4, wanda ba ya wuce zango biyu a jere. Akwai Majalisar Shura mai kujeru 290, waɗanda 5 daga cikinsu aka ware wa Kiristoci da Yahudawa da mabiya addinin Zartusht. Akwai majalisun garuruwa da ƙauyuka, waɗanda aka fara zaɓensu a 1999. Akwai kuma Majalisar Ƙwararru mai malamai 88 da wa'adin shekara 8, wadda aikinta shi ne zaɓen Jagora, da tsige shi idan ya rasa sharuɗɗan muƙamin.

Ta ɗaya ƙofar kuwa akwai Jagora, wanda kundin bai yanka wa wa'adi ba. Sashe na 110 ya ba shi tsara manyan manufofin ƙasa, da shugabancin dukkan rundunonin soja, da shelar yaƙi da sulhu, da naɗa shugaban sashen shari'a, da shugaban rediyo da talabijin na ƙasa, da kwamandan Dakarun Kare Juyin Juya Hali. Shi ne yake sa hannu a takardar kama aikin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, kuma shi ne yake sauke shi bayan hukuncin kotun ƙoli ko ƙuri'ar majalisa, kamar yadda ya faru da Abul Hasan Bani Sadr a watan Yuni 1981.

Makullin da ya haɗa ƙofofin biyu shi ne Majalisar Kare Tsarin Mulki, mai mutum 12. Shida malaman fiƙihu ne da Jagora yake naɗawa. Sauran shidan masana doka ne da Majalisar Shura take zaɓa, amma daga cikin sunayen da shugaban sashen shari'a ya miƙa mata, shi kuwa Jagora ne ya naɗa shi. Babu dokar da za ta fara aiki sai wannan majalisa ta tabbatar ba ta saɓa wa shari'a da tsarin mulki ba. Bugu da ƙari sashe na 99 ya ba ta sa ido a kan zaɓe, a 1991 kuma ta fassara wannan "sa ido" da cewa ya haɗa da ikon amincewa da ɗan takara ko hana shi tsayawa. A nan ne zancen ya zama zobe. Jagora ya naɗa malaman nan shida, su kuma su tantance masu neman shiga Majalisar Ƙwararru, ita kuma ita ce aka ɗora wa sa ido a kan Jagora. Daga 1983 da ta fara zama zuwa zaɓenta na 2024, ba a ji ta fito fili ta ƙalubalanci Jagora ba. A 2016 an hana Hasan Khumaini, jikan wanda ya kafa tsarin, tsayawa takarar shiga cikinta, a 2024 kuma aka hana Hasan Ruhani, wanda ya yi shekara 8 yana shugabancin ƙasar.

5.0 Shin Zaɓen na Gaske ne?

Masu kore Iran daga dimokuraɗiyya gaba ɗaya sukan ce zaɓen wasan kwaikwayo ne. Wannan ya yi tsauri, domin an sha samun sakamakon da masu iko ba su so ba. A 1997, cikin sama da mutum 200 da suka nemi tsayawa 4 kawai aka bari, duk da haka Muhammad Khatami ya kayar da Natiƙ Nuri, wanda kowa ya ɗauka shi ne na gida, da kusan kashi 69 cikin 100, a zaɓen da kusan kashi 80 na masu ƙuri'a suka fito. Zaɓen da ba a san wanda zai ci ba sai an ƙirga, ba za a kira shi wasa ba.

Amma abin da ya biyo baya shi ne ya nuna iyakar igiyar. A watan Agusta 2000, lokacin da majalisar da magoya bayan Khatami suka rinjaya ta tashi gyara dokar 'yan jarida, Jagora Ali Khamene'i ya aika da wasiƙa a janye batun, aka kuwa janye. A zaɓen majalisa na 2004 an hana sama da 'yan takara 2,000 tsayawa, ciki har da kimanin 80 da suke kan kujerunsu a lokacin. Rikicin zaɓen 2009 ya kai ga tsare Mir Husaini Musawi da Mahdi Karrubi a gidajensu daga 2011. A 2013 an hana Hashimi Rafsanjani, tsohon shugaban ƙasa kuma ɗaya daga cikin ginshiƙan juyin, sake tsayawa. A 2021 mutum 592 suka yi rajista aka bar 7, masu ƙuri'a kuma ƙasa da rabi suka fito. A zaɓen 2024, wanda ya biyo bayan rasuwar Ibrahim Ra'isi a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, kimanin kashi 40 ne suka fito a zagayen farko. Raguwar nan daga 80 zuwa 40 ita ce, a ganina, hukuncin da su Iraniyawan da kansu suka yanke a kan tambayar.

Akwai wata kalma guda a sashe na 115 da ta cancanci masana harshe su tsaya a kanta. An ce shugaban ƙasa zai fito ne daga cikin rijal na addini da siyasa. A Larabci rijal maza ne. A Farisanci kuwa akan yi amfani da ita da ma'anar manyan mutane, kamar dai yadda Bahaushe zai ce wance "namijin duniya ce" ko ya kira jarumai "mazaje". An daɗe ana gardama a kan wace ma'ana aka nufa, mata kuma sun sha yin rajista, amma har zuwa zaɓen 2024 Majalisar Kare Tsarin Mulki ba ta amince da ko ɗaya ba.

Hukumomin ƙasar suna da nasu sunan ga wannan tsari, mardom-salari-ye dini, wato mulkin jama'a na addini. An kauce wa kalmar Girkanci an ƙera ta gida, amma siffar da aka liƙa mata a ƙarshe ita ce take faɗin gaskiyar al'amarin: jama'a suna zaɓe, a cikin shingen da wasunsu suka kafa.

6.0 Abin da ya Rage wa Mai Fassara

Idan aka koma ga tambayar jamhuriya, kundin bai san gadon sarauta ba, kuma da Khumaini ya rasu a ranar 3 ga Yuni 1989 Majalisar Ƙwararru ce ta zauna washegari ta zaɓi Khamene'i. Ta wannan fuska sunan ya hau, ko da yake shugaban da ba shi da wa'adi yana sa kalmar ta yi ɗingishi. Wani abin lura shi ne sashe na 177, wanda ya lissafa abubuwan da ba a iya gyarawa har abada. A matanin Farisanci "kasancewar gwamnati jamhuriya" aka rubuta, amma fassarar Ingilishi da ta fi yawo ta mai da shi "siffar dimokuraɗiyya ta gwamnati". Wato kalmar da Khumaini ya kora ta ƙofa a 1979, mai fassara ya shigo da ita ta taga. Duk Bahaushen da ya fassara daga wannan Ingilishin zai gaji kuskuren ba tare da ya sani ba, kuma galibin labaran Iran ta Ingilishi suke iso mana.

Mulkin malamai shi ne sunan da ya fi kusa da inda iko yake, tunda kundin ya shar'anta cewa magana ta ƙarshe ta malamin fiƙihu ce, saboda fiƙihunsa. Amma shi ma yana bukatar taka-tsantsan, saboda abubuwa biyu da suka faru a ƙarshen rayuwar Khumaini. A watan Janairu 1988 ya rubuta wa Khamene'i, wanda yake shugaban ƙasa a lokacin, cewa gwamnatin Musulunci tana gaba da sauran hukunce-hukuncen rassa, har tana iya dakatar da aikin hajji na wani lokaci idan maslaha ta bukaci haka. Wata guda bayan haka ya kafa Majalisar Fayyace Maslaha, wadda take iya zartar da dokar da malaman Majalisar Kare Tsarin Mulki suka ce ta saɓa wa shari'a. Na biyu, gyaran 1989 ya cire sharaɗin cewa sai Jagora ya kasance marja'i, wato malamin da ya kai matsayin da jama'a ke yi masa taƙlidi, domin wanda aka zaɓa bai kai wannan daraja ba a lokacin, a daidai sa'ar da aka ƙara wa wilayarsa siffar muɗlaƙa a sashe na 57. Ilimin da ake nema ya ragu, ikon da aka bayar ya ƙaru. Saboda haka wanda ya ji "mulkin malamai" ya zaci mafi ilimi ne yake mulki, ko kuwa littafin fiƙihu ne yake yanke kowace magana, bai fahimci tsarin ba. Malami ɗaya ne yake riƙe da hukuma, yana iya fifita maslaharta a kan fatawar 'yan'uwansa, kuma akwai kotu ta musamman da aka kafa domin hukunta malamai.

Wannan ya kawo mu ga laƙabin da kafofin Hausa suka fi yawan amfani da shi, wato "shugaban addini" ko "jagoran addini na Iran". Kalmar Farisanci ita ce rahbar, ma'anarta mai nuna hanya, babu addini a cikinta. A ajin fassara na taɓa ba ɗalibai, waɗanda mafi yawansu Hausa ba harshen uwa ba ne gare su, jimlar da ke cewa shugaban addini na Iran ya naɗa sabon kwamandan soja. Kusan dukkansu suka ɗauka kuskuren ɗab'i ne, domin a fahimtarsu shugaban addini limami ne ko bishop, me ya haɗa shi da barikin soja? Bahaushe ma abin da zai zo masa a rai shi ne mai jan salla da sanar da ganin wata. "Jagora" kawai, kamar yadda sashen Hausa na rediyon Tehran ya saba faɗa, ya fi kusa da asali, sai dai ba ya nuna cewa yana sama da shugaban ƙasa. Shawarar da za a bayar a nan ita ce "Jagoran Ƙoli", a bar "shugaban ƙasa" ga wanda aka zaɓa, sa'annan a karon farko da aka ambace su tare a cikin labari a ƙara 'yar jimla guda da za ta nuna wane ne yake sa hannu a takardar kama aikin wane.